Mabuɗi a Hannun Wa? Tarihin Taƙaddamar Sirrin Waya, Daga Wasiƙun Waziri Zuwa Barnawa

A daren 1 ga Agusta, wayewar garin 2 ga wata, shekarar 2019, wasu mutane suka bi Abubakar Idris, wanda aka fi sani da Dadiyata, har cikin gidansa da ke Barnawa, a kudancin kogin Kaduna, suka tafi da shi a cikin motarsa. Malami ne a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, kuma ya yi suna wajen sukar masu mulki a shafin Twitter. Hukumar tsaro ta farin kaya ta ce ba ya hannunta, 'yan sanda ma suka ce haka. Shekaru suka yi ta shuɗewa iyalinsa ba su ji ɗuriyarsa ba.

Daga wannan lamari guda, mutane sun ɗauki darasi iri biyu. Wasu suka ce da a ce jami'an tsaro na iya ganin duk kiran da aka yi da duk saƙon da aka aika a unguwar a wannan dare, da an gano masu laifin. Wasu kuma, musamman 'yan jarida da masu rubutun suka, suka ce a ƙasar da ake iya ɗauke mutum daga ƙofar gidansa ya ɓace, dole kowa ya kulle maganarsa yadda babu mai iya buɗewa. Dukkan ɓangarorin biyu tsoro ne na gaskiya yake motsa su. Wannan ita ce taƙaddamar da duniya ta shafe kusan shekara 50 tana yi a kan fasahar kulle saƙo: shin ya dace a bar wa hukuma mabuɗin da za ta buɗe sirrin kowa idan buƙata ta taso? Tarihin taƙaddamar yana da tsawo, kuma abin da Kaduna ta gani da idonta ya ba da amsar da ta bambanta da yadda ake gabatar da tambayar a Washington ko Landan.

Wasiƙa da hatimi

A zamanin Daular Usmaniyya, sirrin mulki yana tafiya ne a takarda. Sarkin Musulmi da Waziri suna rubuta wa sarakunan Kano, Zazzau, Katsina da Adamawa da Larabci, a buga hatimi, a danƙa wa manzo amintacce. Hatimin yana tabbatar da wanda ya aiko, amma ba ya hana wanda takardar ta faɗa hannunsa karantawa. Kariyar saƙon ita ce amanar manzo da ƙarancin masu ilimin karanta shi.

Da Sakkwato ta faɗa hannun Turawa ranar 15 ga Maris, 1903, sai aka samu tarin wasiƙu a gidan Waziri Buhari. A cikinsu akwai shawarwarin da sarakuna suka yi ta yi a kan zuwan Nasara: wa yake ganin a yi yaƙi, wa yake tunanin hijira, wa yake neman umarni. A 1927 wani jami'in mulkin mallaka, H. F. Backwell, ya buga fassarar wasiƙun da Turanci. Abin da aka rubuta don idon mutum ɗaya ya koma littafin da sabbin masu mulki suke nazari. Duk taskar sirrin da aka tara a wuri guda tana iya zama ganimar wanda ya ci gari gobe.

Malaman Musulunci sun daɗe da sanin ɓangarori biyun wannan matsala. A Bagadaza, a ƙarni na 9, al-Kindi ya rubuta risalar da ake ɗauka ita ce mafi daɗewa da ta bayyana yadda ake warware rubutun sirri ta hanyar ƙidaya yawan maimaituwar haruffa. Ta fuskar shari'a kuwa, Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, Suratun Nur ta hana shiga gidan wani ba da izini ba. Al-Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya yi bayani a littafinsa na hukunce-hukuncen mulki cewa jami'in hisba ba ya leƙen abin da aka ɓoye, sai idan amintaccen mutum ya kawo labarin ɓarnar da ba ta gyaruwa in ta auku, kamar wani ya keɓe da wani don ya kashe shi. Asali shi ne sirri, togaciyar kuma ƙunƙuntacciya ce: mutum sananne, da hujja, da hatsarin da ke gab da faruwa. Bahaushe ma ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Kwaɗon da lissafi ya ƙera

Tsawon ƙarnuka, kulle saƙo mai ƙarfi aikin gwamnatoci ne da sojoji. Matsalarsa ita ce mabuɗi: sai mai aikawa da mai karɓa sun riga sun yi musayarsa a ɓoye. A 1976 wasu masana biyu a Amurka, Whitfield Diffie da Martin Hellman, suka wallafa hanyar da mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba za su iya samun mabuɗi ɗaya a bainar jama'a ba tare da mai sauraro ya gane shi ba. A 1977 Ron Rivest da Adi Shamir da Leonard Adleman suka fito da tsarin da ake kira da haruffan farkon sunayensu, RSA.

Misalinsa kamar ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari ya rarraba kwaɗuna a buɗe ga duk abokan cinikinsa, ya riƙe mabuɗin shi kaɗai. Kowa na iya zuba saƙo a akwati ya danna kwaɗo, amma daga nan ko shi wanda ya danna ba zai iya buɗewa ba. Direban da ya ɗauko akwatin ma ba zai iya ba. Wannan shi ne tushen abin da ake kira kulli daga mai aikawa zuwa mai karɓa: kamfanin da ke isar da saƙon ba ya riƙe da mabuɗi, don haka ko alƙali ya umarce shi ya miƙa abin da ke ciki, ba shi da abin miƙawa.

Gwamnatin Amurka ta ga hatsarin da wuri. Dokarta ta sa manhajar kulle saƙo mai ƙarfi a jerin kayan yaƙin da ba a fitarwa waje sai da lasisi. Da Phil Zimmermann ya saki manhajarsa ta PGP kyauta a 1991, ta kuma bazu a intanet, sai aka shiga bincikensa kamar mai fasa-ƙwaurin makamai, har zuwa farkon 1996 da aka janye ba tare da tuhuma ba. A Afrilun 1993 gwamnatin Bill Clinton ta gabatar da wata 'yar na'ura mai suna Clipper da za a sa a wayoyi: za ta kulle magana, amma kwafin mabuɗin yana ajiye a hannun hukumomin gwamnati biyu, a haɗa shi idan kotu ta ba da izini. Shekara guda bayan haka wani masani, Matt Blaze, ya nuna yadda mai wayo zai iya amfani da na'urar ya kuma toshe ƙofar da aka bar wa gwamnati. Kasuwa ta ƙi karɓarta, kafin 1996 ta mutu.

Zagaye na biyu ya biyo bayan tonon asirin da Edward Snowden ya yi a 2013, wanda ya nuna girman leƙen asirin da Amurka da Ingila suke yi wa jama'a. Kamfanoni suka ƙara ƙarfin kulli. Bayan harin San Bernardino na Disambar 2015, inda aka kashe mutum 14, hukumar FBI ta samo umarnin kotu cewa Apple ya rubuta manhajar da za ta raunana tsaron wayar ɗaya daga cikin maharan. Apple ya ƙi, yana mai cewa abin da zai buɗe waya ɗaya zai buɗe miliyoyi. A ƙarshen Maris 2016 FBI ta janye ƙarar, domin ta samu wasu ƙwararru sun buɗe mata wayar. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 5 ga Afrilu, WhatsApp ya sanar cewa ya kulle dukkan saƙonni da kiran masu amfani da shi. Tun daga ranar, mai sayar da atamfa a Kasuwar Barci da likita a Barnawa suka mallaki irin kwaɗon da a da sai manyan ƙasashe ke da shi, mafi yawansu ba tare da sun san an ba su ba.

Abin da dokar Najeriya ta riga ta bayar

Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin 'yan ƙasa, da gidajensu, da wasiƙunsu, da maganarsu ta waya. Sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita wannan haƙƙi da doka saboda tsaro da zaman lafiya. Tun da wayar salula ta GSM ta fara aiki a watan Agustan 2001, kusan duk matakin da aka ɗauka ya karkata ne wajen faɗaɗa wannan togaciya.

An fara rajistar layukan waya a 2011. A Oktoban 2015 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta ci MTN tarar naira tiriliyan 1.04 saboda layuka fiye da miliyan 5 da ba a kammala rajistarsu ba, daga baya aka sasanta a kan biliyan 330. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanoni adana bayanan masu hulɗa da su da sawun kiransu har shekara biyu. A 2019 hukumar ta fitar da ƙa'idojin sauraron sadarwa bisa doka. Ƙa'idojin sun tanadi a nemi izinin alƙali, amma sun yarda a fara sauraro babu izini a halin gaggawa, a nemi takardar cikin awa 48. Sun kuma ce idan abin da aka kama a kulle yake, kamfanin da ke da lasisi zai miƙa mabuɗinsa. A Disambar 2020, lokacin da Isa Ali Pantami yake ministan sadarwa, aka umarci kowa ya haɗa layinsa da lambar shaidar ɗan ƙasa. Mutane suka yi ta cincirindo a ofisoshin rajista ana tsakiyar annobar korona, kuma a Afrilun 2022 aka hana layuka fiye da miliyan 70 yin kira.

Kayan aiki ma an kashe musu kuɗi. A 2013 jaridar Premium Times ta ba da labarin kwangilar dala miliyan 40 da gwamnatin Goodluck Jonathan ta bai wa kamfanin Elbit na Isra'ila don sa ido a kan intanet. A Disambar 2020 cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta lissafa Najeriya cikin ƙasashe 25 da ta gano alamun na'urorin Circles, masu iya gano inda waya take da sauraron kira. A ƙaramin kasafin 2021 an ware wa Hukumar Leƙen Asiri ta Ƙasa kimanin naira biliyan 4.8 don sa ido a kan sadarwa, ciki har da kusan biliyan 1.9 da aka rubuta da sunan WhatsApp. Idan aka tara waɗannan duka, da wuya a ce hukuma a Najeriya ta tsaya a bakin ƙofa ne babu mabuɗi.

Shekarar da Kaduna ta kashe layi

Shekarar 2021 ta gwada dukkan wannan tanadi. Ranar 11 ga Maris aka sace ɗalibai 39 daga Kwalejin Gandun Daji ta Afaka. Ranar 20 ga Afrilu aka afka wa Jami'ar Greenfield a kan hanyar Abuja, aka kashe biyar daga cikin ɗaliban da aka kwashe. Ranar 5 ga Yuli aka tafi da ɗalibai 121 daga makarantar Bethel Baptist a ƙaramar hukumar Chikun, wadda ke maƙwabtaka da unguwannin kudancin birnin. Iyaye suka sayar da gonaki da gidaje suna haɗa kuɗin fansa.

Cinikin wannan fansa, kamar yadda iyalai da dama suka shaida wa manema labarai, ta kiran waya na yau da kullum ake yin sa, sau da yawa ma da wayar wanda aka sace. Irin wannan kira ba ya ɓoyuwa daga kamfanin sadarwa. Ɗan kullin da ke kansa yana tsayawa ne tsakanin waya da turken sadarwa, daga nan kuwa kamfani yana ganin lambar da ta kira, da lokacin, da turken da kiran ya bi, kuma doka ta ba da damar a saurari maganar kanta. Ko WhatsApp ɗin ma, abin da ke cikin saƙo yake rufewa. Wayar da ke ɗauke da shi tana ci gaba da sanar da turke inda take.

Matakin da gwamnatoci suka ɗauka shi kansa shaida ne. Zamfara ta rufe layukan sadarwa a farkon Satumba, Katsina da Sakkwato suka bi a wasu ƙananan hukumomi. Ranar 30 ga Satumba gwamnatin Nasir El-Rufai ta rufe a wasu sassan Kaduna, tare da hana hawa babur, bayan sanarwar kwamishinan tsaron cikin gida, Samuel Aruwan. Manufar ita ce a yanke alaƙar 'yan bindiga da masu kai musu rahoto a cikin gari. Abin da ya biyo baya shi ne ƙauyukan da aka kai wa hari suka rasa hanyar neman agaji, masu cirar kuɗi da na'ura suka rufe shago, mutane suka riƙa yin tafiya mai nisa don su kira 'yan'uwa. Daga yankin Sabon Birni a Sakkwato jaridu suka ba da rahoton cewa 'yan bindiga sun koma aika wasiƙa da hannu suna neman kuɗi. A ƙarshen Nuwamba Kaduna ta mayar da layukan. Wata huɗu bayan haka, ranar 28 ga Maris, 2022, aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, aka kashe aƙalla mutum 8, aka tafi da fiye da 60, kuma na ƙarshensu ba su dawo ba sai Oktoba. A Janairun 2024 Pantami da kansa ya fito ya ce matsalar ita ce rashin amfani da bayanan da aka tara ta hanyar haɗa layi da lambar ɗan ƙasa.

Sanin turken da kira ya bi ba ya kai jami'i cikin dajin Birnin Gwari. Wannan yana buƙatar mai nazarin bayanai da zai yi aiki cikin sa'o'i, da haɗin kai tsakanin hukumomi, da motoci da mai, da mai gabatar da ƙara da zai iya kare hujjar a kotu. Ɗora alhakin gazawar a kan kwaɗon WhatsApp barin jaki ne ana dukan taiki.

Ɓarauniyar hanya

Duk da haka, kukan jami'an tsaro ba na banza ba ne. Ƙungiyoyin ta'adda suna amfani da manhajojin da ke kulle saƙo, haka 'yan damfara da masu yaɗa hotunan cin zarafin yara. Akwai binciken da ke tsayawa cak a kan waya guda da ta ƙi buɗuwa, kuma mahaifin da ɗansa ke daji ba zai saurari dogon bayani a kan sashe na 37 ba. Tambayar ita ce ko za a iya gina ƙofar da mai gaskiya kaɗai zai bi.

Tarihi ya gwada wannan sau da yawa. A Girka, tsakanin 2004 da 2005, wasu da ba a san su ba suka shiga na'urar sauraro bisa doka da ke cikin tsarin Vodafone, suka riƙa jin maganar wayoyi kimanin 100, har da ta firaminista Kostas Karamanlis. A 2020 aka tabbatar cewa kamfanin Crypto AG na Suwizalan, wanda ya sayar wa ƙasashe fiye da 100 na'urorin kulle saƙo, CIA da hukumar leƙen asirin Jamus ta Yamma ne suka mallake shi a 1970. A 2024 Amurka ta gano cewa masu kutsen da ta danganta da Sin sun shiga manyan kamfanonin sadarwarta, har da tsarin da ake amfani da shi wajen sauraro bisa umarnin kotu, kuma a ƙarshen shekarar jami'anta suka shawarci jama'a su koma manhajojin da ke kulle saƙo. Ƙasar da ta ƙirƙiro Clipper ce take faɗar haka. Ɓarauniyar hanya ba ta tambayar sunan mai bin ta.

A gida kuma akwai tambayar wa ake bi da kayan da ake da su. A 2020 Kwamitin Kare 'Yan Jarida na duniya ya bayyana yadda 'yan sandan Najeriya suka yi amfani da bayanan kira wajen kai wa ga 'yan jarida ta hannun abokan hulɗarsu, ciki har da Samuel Ogundipe na Premium Times da aka kama a Agustan 2018. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnati ta rufe Twitter baki ɗaya. Mai tuna waɗannan zai yi jinkiri kafin ya yarda a ƙera mabuɗin da ke buɗe kowace waya. Kuma sirrin da ake magana a kai ya wuce na 'yan siyasa. A Barnawa akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya. Majinyacin da ke aika wa likitansa saƙo, da lauyar da ke magana da matar da ke neman saki, da ɗan kasuwar da ke turo shaidar biyan kuɗi, da ƙauyen da ke sanar da soja motsin 'yan bindiga alhali ana tsoron akwai mai tona asiri, duk kwaɗo ɗaya ne yake kare su da wanda ke kare mai laifi. Ba a raunana shi ga wani a bar shi da ƙarfi ga wani.

Hanyoyin da suka yi nasara a wasu wurare sun fi kusa da ƙa'idar al-Mawardi. A Yunin 2021 aka kama mutum fiye da 800 a ƙasashe da dama bayan an gano cewa manhajar Anom, wadda gungun masu laifi suka amince da ita, FBI ce take tafiyar da ita. Wannan aiki ne na shekaru a kan mutane sanannu, ba tare da an taɓa wayar sauran jama'a ba.

Najeriya ta samu dokar kare bayanan jama'a a Yunin 2023, amma ƙa'idojin sauraro na 2019 sun tanadi a kai rahoton shekara ne ga Babban Lauyan Gwamnati, wanda shi ma ɗan majalisar zartarwa ne. Kafin a nemi ƙarin mabuɗi, abin da ya dace 'yan majalisar Kaduna a Abuja, da ƙungiyar lauyoyi, da editoci su nema shi ne lissafin wanda aka riga aka bayar: izini nawa alƙalai suka sa wa hannu a shekara, nawa suka ƙi, sau nawa aka saurari waya da sunan gaggawa, masu garkuwa nawa aka hukunta da hujjar kira, kuma jami'i nawa aka ladabtar don ya saurari wanda bai kamata ba. Waɗannan alƙaluma ba sa tona asirin wani bincike. Hukumar da ta iya kawo su a fili ta samu bakin neman a ƙara mata amana.